Wasiƙa Zuwa Ga Bazawarar Katafila

Hajiya Katafila, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin kwana lafiya a filin nan na bakin hanyar Zariya, tsakanin tifar da aka ɗora a kan bulo da giredar da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta. Ni ne mai zanna bukar ɗin nan da ya zo ganinki ranar Asabar tare da wani dattijo mai baƙin mai har gwiwar hannu. Ba za ki manta ni ba, don na zagaya ki ya fi sau goma, har dillali ya tambaye ni ko wani abu na yar.

Ki yi haƙuri da sunan da na kira ki. A bakin Bahaushe duk ƙarfen da ke tafiya a kan kaca katafila ne, ko Komatsu ce ko Hitachi daga Japan, ko Sany daga Sin, ko 'yar gidan masu sunan na asali, kamfanin Caterpillar da aka kafa a Amurka a 1925. Haka muke ce wa kowane garin wanki Omo. 'Yan boko suna ce miki eskabeta, ni kuwa da katafila na tashi.

Da maganar aure na zo, ba zan ɓoye miki ba. Na sayar da gona ɗaya ta gado da bijimai huɗu, na haɗa da abin da na ɗauka a adashi, ina so ki riƙa haƙa mini tafkunan kifi da magudanan ruwa da tushen gini, ranar da babu aiki in bayar da ke haya. Na san ba budurwa ba ce ke. Budurwa irinki, sabuwa dal da leda a kujera, sadakinta sai gwamnati ko manyan 'yan kwangilar titi. Talaka irina zawarci yake yi, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka tsufanki bai taɓa damuna ba. Abin da ya hana ni barci tun ranar Asabar shi ne wahalar da waliyyanki suka sha don kada in gan shi.

Dillali ya dafa ƙirji ya ce mini, “Alhaji, wannan daga jirgi sai nan. Wani tsohon Bature ne a Beljiyam ya saye ta yana ɗan taɓa lambu da ita. Ba ta taɓa cin ƙasar Nijeriya ba.” Na ce ma sha Allah. Da na hau ɗakin direba na cusa hannu ƙarƙashin kujera, sai na zaro ledar fiya wata guda biyu da busasshen ɓarin goro. A can ƙasa kuma, inda ruwan mai wanki bai kai ba, jar ƙasa ce ta daskare kamar tubali. Ashe Turawan Beljiyam ma sun fara cin goro, ba mu da labari.

Sai maganar shekaru, wadda na san ba a yi wa mace ita, amma dole ce ta sa. Farantin da ke jikinki ya ce a 2006 aka ƙera ki. Mitar da ke gaban direba ta ce awa 4,200 kacal kika yi aiki a duniya. Na zauna da biro na raba: a shekara kusan ashirin, bai kai minti 40 a rana ba. Hajiya, ko matar sarki ta fi haka motsi. To wa ya cinye zanen robar fedarki har ta yi sulɓi kamar dutsen guga? Wa ya zauna a kujerarki har soso ya lotsa ya ɗauki siffarsa? Sandunan da direba ke riƙewa sun goge, suna lilo kamar haƙorin tsohuwa. Baba bakanike, dattijon da na zo da shi, ya ce mini canja mita aikin minti goma ne da sukundireba, amma ƙwaƙwalwar injin tana riƙe nata lissafin dabam, sai a jona kwamfuta a tambaye ta. Da muka ce za mu jona, dillali ya ce ai soket ɗin ne ya ɗan samu matsala jiya-jiyan nan.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Shekara talatin ya yi a ƙarƙashin irinki, kunnensa ɗaya ma ya tafi a can. Da muka iso, bai kalli sabon fentinki ba, bai amsa kirarin da ake yi miki ba. Buɗe murfi ya yi ya ɗora tafin hannu a kan inji, ya juyo ya ce mini, “An ɗumama ta.” Ƙarfe tara na safe, ga sanyin hunturu, jikinki kamar an sauke tukunya. Injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona kansa: ya yi ta tari kafin ya kama, ya tuttuɗo hayaƙi. Hayaƙin nan kuwa harshe ne ga mai jin sa. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, fari mai ɗorewa na nufin ruwa ya shiga inda bai kamata ba ko gas bai ƙone ba, baƙi kuma gas ya yi yawa iska ta yi kaɗan, a duba nozul da matatar iska da turbo. Waliyyanki sun sa kin yi tarinki tun kafin baƙi su iso, kamar amaryar da aka ba maganin mura ana gobe ɗaurin aure.

Duk da haka Baba bai rasa dabara ba. Kina cikin aiki ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai ya ɗora shi a bakin ramin sako-sako. Murfin ya kama rawa, tururi na fita ta gefensa kamar tukunyar dambu. Ya ce ringi sun fara sallama, iskar da ya kamata ta tura fistan tana zurarewa ƙasa. Ya leƙa lagireto bai ga kumfa ba, ya zaro sandar awon mai bai ga ta yi fari kamar an zuba madara ba, ya ce to da sauƙi, gasket bai ƙone ba.

Yanzu bari mu zo ƙafa, don a nan na fi daɗewa a tsugune, har wandona ya shaida. Mai sayen irinki da ya tsaya kallon fuska ya bar ƙafa, shi ne ake gani bayan wata uku yana neman rance. Littafin masu ƙera ki ya ce mai doguwar ƙafa irinki faranti 49 take da su a kowace kaca. Baba ya sa alli ya yi wa ɗaya alama, ya ce in ƙirga. Na ƙirga 48. Na ce ko idona ne, na sake, 48. Muka koma ɗaya gefen, 48. Idan kaca ta tsufa, gaɓoɓinta sukan ci juna ta ƙara tsawo, a yi ta ɗura giris ana tura babbar wilin gaba don ta ɗame, har wilin ta kai ƙarshen hanyarta. Daga nan mai gaskiya sabuwar kaca yake saya. Mai wayo kuwa cire gaɓa ɗaya yake yi ya haɗe, ta ɗame tamau kamar sabuwa. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata. Giyar baya da ke jan kacar, wadda haƙoranta ya kamata su zama masu faɗin kai, sun fiƙe kamar na zarto. Ƙananan wilolin da kike takawa a kansu, uku suna zubar da mai, ɗaya ta daina juyawa ma gaba ɗaya, jan ta kawai kike yi har gefenta ya shafe. Na tambayi kuɗin sabuwar ƙafa cikakkiya a wurin masu kayan gyara. Da mutumin ya faɗa, sai da na nemi kujera.

Amma kada ki ce ban ga alherinki ba. Baba ya hana a kashe ki sai da kika yi awa guda kina haƙa, domin man haidurolik idan yana da sanyi kauri gare shi, yana rufa wa famfo asiri, sai ya yi zafi ya tsinke ake sanin mai ƙarfi. Kika yi zafi, ƙarfinki bai ragu ba. Aka sa ki ɗaga hannu kina juyawa kina naɗe bokiti a lokaci guda, ba ki yi nishi ba. Aka sa ki tafiya miƙe a fili, ba ki karkace hagu ko dama ba. Baba ya kwance matatar man ya haska ta a rana yana neman ƙyallin garin ƙarfe ko na tagulla, bai samu ba. Ya kwance notin man giyar ƙafa, ya fito ba ɓurɓushi. A nan ne kawai na ga ya gyaɗa kai. Babban famfon nan shi ne zuciyarki, yana tura mai da matsin da ya kai wajen bar 350 a ma'auni, kuma idan ya mutu ya kwashi ƙazantarsa ya watsa wa duk jijiyoyinki. (Shi ya sa da yaron dillali ya kai hannu zai shafa mesa yana neman inda take yoyo, Baba ya make hannun ya miƙa masa kwali. Man da ke fita ta ƙaramar ɓula da wannan ƙarfi yana huda fata kamar allura, ana rasa yatsa a kansa.) An cika bokiti da ƙasa aka ɗaga sama aka kashe inji, muka zuba ido. Hannun ya riƙa sauka a hankali kamar mai gyangyaɗi a wurin wa'azi. Silinda ɗaya ce, sandarta ba ta da ƙarzuwa, Baba ya ce sil ne, wannan ciwon kai ne kawai, ba na asibiti ba.

Ƙugunki ma mun duba, ki gafarce mu. An kafa bokiti a ƙasa an danna har gabanki ya ɗaga, Baba ya kwanta yana kallon babban zoben da kike juyawa a kansa, ko sama da ƙasa za su rabu. Akwai ɗan wasa, bai kai na tsoro ba. An juya ki zagaye cikakke hagu da dama, ba mu ji ƙaras-ƙaras ba.

Abin da ya ɓata mini rai na ƙarshe yana wuyan hannunki. Fentin wurin ya fi na ko'ina kauri da sheƙi, shi ya sa Baba ya sa farce. Ƙarƙashinsa walda ce, an ɗora faranti a kan tsaga an bi da fenti tun bai gama hucewa ba. Kusa da ita ga bututai biyu da aka toshe bakinsu, irin waɗanda ake jona wa gudumar fasa dutse. Wato Baturen nan mai lambu, duwatsu yake shukawa. Katafilar da ta yi zaman wurin fasa dutse, kowace awa tata ta fi ta mai haƙa yashi tsada, domin girgizar gudumar tana bin kowane fin da bushi da walda tana sassauta su. Walda ba abin kunya ba ce idan gwani ya yi ta kuma aka nuna wa mai saye. Da an ce mini ga inda ta taɓa karyewa, ga wanda ya ɗora, da na fi natsuwa.

Maƙwabciyarki ta can ƙarshen fili, 'yar yayin nan da ta fito daga Turai bayan 2014, dillali ya so ya karkatar da ni wurinta. Na ƙi. Irinsu ba sa shan gas sai mai tsabta marar sulfa sosai, ga wani ruwa da ake kira AdBlue da ake zuba musu a tanki na dabam, idan ya ƙare ko na'urar ta rikice sai inji ya rage ƙarfi da kansa ya yi yaji a tsakiyar aiki. Ni da zan kai ki ƙauyen da gas ɗinsa a jarka yake zuwa daga hannun 'yan bumburutu, ina ni ina 'yar gata? Ke kayanki ana samu a Ƙofar Ruwa, in ya faskara a aika Ladipo a Legas, kuma kowane bakaniken manyan injina ya san cikinki. Cinki dai ba wasa ba, tankin kusan lita 400, amma wannan na sani tun kafin in yi sallama.

To ga saƙona, ki isar wa waliyyanki. Ina son takardar kwastan ta asali, ba hotonta a waya ba. Ina son lambar nan mai harafi da alƙalami 17 da ke kan farantinki ta dace da wadda aka buga a jikin ƙarfenki da wadda ke cikin takarda, don kada wata rana ina tsakiyar haƙa tafki wani ya zo da 'yan sanda ya ce matarsa ce aka sace, ko banki ya ce akwai bashinsa a kanki. Za mu ɗebi man inji da na haidurolik a kwalba mu aika a auna, a ga yawan ƙarfe da tagulla da ƙurar da ke ciki. Soket ɗin da ya lalace jiya-jiya, Baba zai zo da nasa. Kuɗin sabuwar ƙafa da na ringi za a cire daga sadaki, haka ma rabin kuɗin lobed ɗin da zai kai ki gida, tunda amarya mai nauyin tan 20 ba a kai ta a ƙafa. Idan sun ce ba su yarda ba, ki tuna musu cewa manemin da ke bayana a layi ɗan gwangwan ne, shi kuma da sikeli yake zuwa zance.

Zan dawo ranar Talata da an idar da sallar asuba. Na riga na ba maigadin filin na goro, makullinki zai kwana a aljihunsa, kada kowa ya taɓa ki kafin Baba ya ɗora hannu. Ki yi tarinki a gabana, ki fitar da hayaƙinki kowane launi ne, ba zan gudu ba.

Naki mai neman yardarki,
Mai zanna bukar na ranar Asabar.

Af, na manta. Ledar fiya watan da ɓarin goron na mayar da su ƙarƙashin kujera inda na same su, ko da Baturen zai aiko a karɓar masa.