Yadda Ake Auna Nisan Jidda Daga Kuberi

Na ɗaya, kada ka tambayi ɗan boko. Ƙanena da ke karatu a jami'ar Aliero ya latsa waya ya ce daga Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne da 'yan kai, jirgi zai cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Daɗi ya kama ni har na ce wa maiɗakina ta rage guzuri. Yaron bai yi ƙarya ba, lissafin shamuwa ya ba ni, ni kuwa ba ni da fiffike.

Na biyu, fara ƙirga daga ƙofar gidanku. Jirgin Umararmu daga Kano zai tashi, ba daga filin Ambursa da ke nan kusa ba. Sai Jega, sai Tambuwal, sai Sakkwato, sai Gusau, sai Funtuwa, mu huɗu a kujerar mutum uku, gwiwar wani bawan Allah tana auna haƙarƙarina a kowane rami. Kafin mu ga Kano na riga na yi awa biyar ɗin sau biyu, ban bar ƙasa da taƙi ɗaya ba.

Na uku, ɓoye ranar tafiyarka. Ni ban ɓoye ba. Ashe kowane gida a Kuberi yana da ɗan'uwa a Jidda, kuma dukansu yunwar kuka da daddawa ke neman kashe su. Da asuba Gwaggo ta shigo da ƙullin albasar Aliero a ka, wai in kai wa ɗanta.

"Gwaggo, kilo 23 fa aka yarje mini a jaka."

"Ɗan nan, kai za ka ɗauka ko jirgi? Abin da ke ɗaukar mutum ɗari uku ne albasa za ta gagara?"

Wa zai ja da wadda ta goye shi? Na cire tufafina na zuba albasa. Haramina ma sai da ya ɗau warin, ga shi mai harami ba ya shafa turare. A wurin awo sikeli ya tona asiri, na durƙusa gaban jama'a ina zare albasa ɗaya-ɗaya kamar mai kasa kaya a kasuwar Jega.

Na huɗu, ko na biyar ne, oho. Wakilin tafiyar zai ce maka "gobe in sha Allahu". Kada ka tambaye shi wace goben. Kwana uku na yi kan tabarma da jaka a matsayin matashi, sauro na karɓar zakka. Wani dattijo ya tunatar da ni cewa kakanninmu a ƙafa suke ratsa Chadi da Sudan har Suwakin, su shekara bakwai a hanya, wasu su zauna can dungurungum. Gaskiya ne, Baba, amma su ba wanda ya karɓi kuɗin tikitinsu ya kashe waya!

Jirgin kansa ba abin faɗi. Na zauna, na ɗaura ɗamara, sanyi ya ratsa kafaɗata, barci ya sace ni, sai ji na yi ana cewa a ƙara awa biyu a agogo.

Ɗan Gwaggo ya zo ya karɓi albasa bakwai da suka tsira. Ya juya su, ya ce ina daddawar.