Bazazzagi ya sayi lifidin farauta

Malam Bazazzagi, bawan gidanmu, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Da fatan hunturun bana bai hana ka fitowa sallar asuba ba, don mun san halinku.

Labari ya iso mu cikin ganuwa cewa ka lallaɓo Ƙofar Wambai, ka sa an kwance maka dilar gwanjo, ka zaɓi wata rigar sanyi ta maharban Amurka, irin wadda ake shiga tun daga idon sawu har wuya sannan a ja zif. Wai da ita za ka bi 'yan farauta bana. An ce ko ragi ba ka nema ba. Mai shagon na can yana sa maka albarka, ya ce Allah Ya ƙaro masa Zagezagi.

Tun da ba ka tambayi na gaba da kai ba kafin ka zuba kuɗi, zauna in karanta maka abin da ka saya. A jihohi irin su Wiskonsin da Minesota, lokacin harbin barewa a watan Nuwamba yake faɗowa, sa'ad da ruwan tafki ya fara zama ƙanƙara. Maharbinsu ba ya bin dabba. Wata 'yar kujera yake ɗaurawa a jikin bishiya, ya hau tun duhun asuba, ya zauna shiru har barewa ta kawo kanta. Wanda ba ya motsi jikinsa ba ya ƙara zafi, shi ya sa aka ɗinka masa wannan buhu. Rigar ba ta da wutar kanta. Abin da aka cusa a cikinta iska yake riƙewa, iskar ta tsare ɗumin jiki kada ya fita. Wasu ma ba a yi musu hannu ba, sai mutum ya naɗe hannuwansa a ciki, in dabba ta zo ya zuge ya ɗauki bindiga. Ka gane? Tufar zama ce. Nan kam na yaba maka, ka san abin da ya dace da Bazazzagi.

To amma farautarmu ta gudu ce. Sai an gama kaka, an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, sannan a buga ganga a sanar da dajin da za a shiga. Kowa da karensa da gorarsa da addarsa. 'Yan tauri na gaba suna kirari, makaɗa na zuga su. Zomo ya tashi, karnuka su bi, mutane su bi karnuka. In an kama kuma a shiga musun karen wa ya fara kai baki, nan ma sai mai ƙafa da ƙarfin dantse. Kai kuwa kafin ka lalubo zif, an yanka zomon an jefa a burgame.

Sannan ga lissafin sanyin da kansa, ko da yake ku masu jami'a a Samaru ya kamata ku koya mana. A tsakiyar hunturu, cikin Disamba da Janairu, asubar Kano kan sauko wajen digiri 13 ko 14, amma kafin azahar ta doshi 30. Rigarka an yi ta ne don sanyin da ke ƙasa da sifiri. Da hantsi ya ɗaga za ka turara a cikinta kamar dambu a madambaci. Ga ƙarangiya da za ta manne maka tun daga ƙafa har ƙeya, ga ƙayar sarƙaƙiya da za ta riƙa zare maka audugar ɗaya bayan ɗaya. Ko ka ɓata ba za mu wahala ba, audugar za mu bi har inda ka faɗi.

Mafaraucin ƙwarai ya san sanyin safe na ɗan lokaci ne. Zai ɗora tsohuwar suwaita a kan rigar layunsa, ya ja hular sanyi, ya naɗa rawani ya rufe hanci saboda ƙura, ya shafa man kaɗanya don kada kaushi ya tsaga masa dunduniya. Kafin a tashi ya ji ɗumi a bakin wutar kara, ya kurɓi kunu mai zafi. Rana na ɗagawa ya tuɓe suwaitar ya ɗaura a ƙugu. Kai wane ƙugun ne zai ɗauki taka?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda kake zaton ka kawo sabon abu. Mu nan mun daɗe da sanin rigar da ake cusa wa auduga. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ka san inda ya je da rundunarsa? Ƙasarku. Na san za ka yi tsalle ka ce karon farko kun koro shi. Haka ne, amma karanta gaba kaɗan ka ga yadda karo na biyu ya ƙare wa sarkinku. Mu don kibiya muka sa lifidi, kuma doki ne ke ɗauke da nauyin, kamar yadda kake ganin 'yan lifida a Hawan Daushe har yau. Ba a taɓa jin Bakano ya sa shi don tsoron iska ba. Mutanen kan Dala, gidan su Barbushe, da sanda ake ba da labarin suna kashe giwa. Kai zomo za ka nema, amma ka yi shirin da ko su ba su yi ba.

Don kada a ce ubangida bai ji ƙan bawansa ba, ga mafita. Maharbin da ke kwanto da dare a bakin mashaya, shi kaɗai rigar za ta ɗan yi wa rana, kai kuwa ko mujiya ta yi kuka sai ka tashi unguwa. Kada kuma ka ce za ka gwada ta a Falgore. Gandun gwamnati ne, an hana farauta, kuma ba ka da ƙafar tsere wa masu gadin daji a cikin wannan kaya.

Saboda haka na nema maka muƙami a wurin mutanenmu. Ranar fita za mu ajiye ka gindin tsamiya, ka shige rigarka, ka tsare mana takalma da goran ruwa da gurasa. Na ƙirga gurasar. In mun dawo da yamma za a ba ka kan gafiya ka kai gida a sa a fate, ka ce kai ka kashe, ba za mu tona ba.

Ka gaida mutanen Tudun Wada da na Ƙofar Doka. Kuɗin sharata na bara har yau ban gani ba, kuma wanda ya iya biyan farashin farko a Wambai ba shi da bakin cewa babu.

Ubangidanka, daga gindin Dala.