Mangwaron da Ya Ci Min Buhun Gero

Da likita ya ce sugana ya fara ɗagawa, sai na sayi na'urar awo a wani kemis a Gusau, na jefa ta aljihun mota da kwalbar tsinkayen gwajinta. Watan Afrilu ne, zafin Ƙauran Namoda ya haura digiri 40, motar kuma a rana take wuni.

Ranar Alhamis na dawo daga kasuwar Shinkafi da mangwaro. Na yanyanka wa yara, ni ko lasa ban yi ba, na goge hannu a riga, na huda yatsa. Na'ura ta ce 412.

Na yi salati. Na kira wani mutumin Zurmi da nake bi kuɗin buhun gero, na ce na yafe masa duniya da lahira. Sannan na ɗaura alwala, don kada tafiya ta same ni ba tsarki.

Kafin in idar, uwargida ta kwaso Alhaji maƙwabcinmu da tasa na'urar, wadda ɗansa ya aiko daga Ingila. Aka sake huda ni. 6.2.

"Maigida, ɗazu ɗari huɗu, yanzu shida?" in ji uwargida. "Wallahi sugan ya tsiyaye!"

Aka danne ni kamar ragon layya, ana ɗura min zuma da farau-farau mai sukari. Alhaji na riƙe da ƙafafuna yana ta addu'a.

A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta saurare mu har ƙarshe, tana cije leɓe. Ta ce, "Baba, na'urar Ingila da mmol/L take lissafi, taka da mg/dL. A ninka 6.2 ɗin nan sau 18, wajen 112 ke nan, lafiya ƙalau." Wancan 412 kuma na mangwaro ne: ruwan da ya bushe a yatsa ya gauraya da ɗigon jini, alwala ce ta wanke shi. Tsinkayen da suka gasu a mota ta ce in zubar, yawancinsu ba sa jure abin da ya wuce digiri 30. Ko sabuwar na'ura fil, ƙa'idar ISO ta 2013 ta yarje mata kuskuren kashi 15 cikin ɗari, wato mai 120 na gaskiya zai iya ganin 102 ko 138. Mai ƙarancin jini ma takan ƙara masa lamba. Ni a ganina, abin da ke da irin wannan hali bai kamata ya riƙa magana da lamba tsirara ba ko "wataƙila".

Ta gwada ni da tata. 230. "Wannan kam naka ne," in ji ta, "na zuma."

Da dare na kira mutumin Zurmi, na fara kewaye-kewaye a kan batun gero. Ya ce, "Malam, wane gero kuma? Ai wagga magana har liman na shaida ma, an shafa fatiha."