Yadda Na Yi Farautar Mai Karɓar Haraji

Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya karanci babin zakka a cikin Risala ya san cewa shari'a ba ta taɓa dukiyar mutum sai ta cika nisabi, shekara kuma ta kewayo a kanta. To da wannan ɗan guntun ilimi na shiga Abuja bayan na ƙare bautar ƙasa, ina riƙe da takardar ɗaukar aiki a wani kamfani, zuciyata a kwance, ina zaton babu wata magana tsakanina da hukuma sai baɗi war haka.

Akawun kamfanin, wani dattijo mai tabarau wanda bai cika ɗaga kai daga takarda ba, ya nemi in ba shi lambata ta biyan haraji. Na gyara zama na warware masa mas'alar daki-daki, na kawo sharaɗin nisabi da na cikar shekara, na kuma tabbatar masa da cewa abin da na mallaka a duniya bai wuce kaftani biyu da wayar da fuskarta ta tsage ba. Ya saurare ni har na kai aya, sa'an nan ya ce, "Allah ya gafarta malam, mazhabarmu a nan dabam ce." A tasu mazhabar, in ji shi, tun albashi bai iso hannun mai shi ba ake fiɗe shi: a cire kashi 8 cikin 100 na fansho, a cire kashi 2.5 na asusun gina gidaje, wanda shi kaɗai na ji ya yi ƙamshin rubu'in ushuri, daga nan a yi wa mutum rangwamen naira 200,000 da kashi 20 cikin 100 bisa dokar wancan lokaci, abin da ya saura kuwa a bi shi hawa-hawa, tun daga kashi 7 har zuwa 24. Wanda ba shi da lamba kuma, sunansa ba ya hawa takardar albashi.

Da ya tambaye ni inda nake kwana, na ce a ɗakin bayan shagon kawuna a Mararaba, sai ya cire tabarau ya dube ni da tausayi, domin doka ta ce harajin ma'aikaci na jihar da yake zaune ne, ba ta inda yake aiki ba, Mararaba kuwa, ko da yake da Nyanya kafaɗa da kafaɗa suke, ƙasar Nasarawa ce. Na so in kafa hujja da cewa rabin barcina a cikin bas nake yinsa, a cunkoson da ke tsakanin wuraren biyu, har ba na iya shaidar a wace jiha idona ya rufe. Amma na lura ba mutum ne mai son munazara ba.

A ofishin haraji na tarar da wata baiwar Allah mai fara'a, ta karɓi takarduna ta jera su a kan tebur, ta duba kwamfuta, ta duba ni, ta ce, "Malam, wai ku nawa ne?"

A nan wajibi ne in yi bayani. Ranar suna an raɗa mini Muhammadu, sunan kakana na wajen uba, saboda haka babu mai iya kama sunan a gidanmu, sai ake ce mini Abba, da shi kuma aka rubuta ni a firamare, hedimasta ya liƙa mini sunan garinmu a baya kamar yadda aka saba. A sakandare wani malami ya mayar da ni Mohammed. Banki, ranar da aka ɗauki hoton yatsuna domin BVN, ya san ni da Muhammad, mai rubuta katin ɗan ƙasa kuwa, la'alla yunwa ta dame shi, ya taƙaita ni zuwa Muh'd. Mutanen nan huɗu duk hancinsu ɗaya, amma kwamfuta ba ta hukunci da hanci, ba ta kuma karɓar shaidar maƙwabta. Maganin abin, in ji matar, shi ne in tafi kotu in yi rantsuwa cewa ni ne ni.

Haƙiƙa ban taɓa jin nauyin wata rantsuwa kamar wannan ba. A bakin kotu akwai masu rumfa da injin buga takarda, waɗanda suka haddace lafazin tun kafin a haife ni, har ɗayansu ya fara bugawa ban gama sallama ba. Aka manna hoton fasfo, aka buga hatimi, na biya. Aka ce in kai jarida a shelanta wa jama'a cewa Abba da Mohammed da Muhammad da Muh'd sun zama mutum guda, na kai, na biya. Sai kuma maganar ranar haihuwa ta taso, aka ce sai wani babba ya rantse a kaina. Kawu ya rufe shago yana mita, ya zo ya shaida cewa an haife ni ran 1 ga Janairu, alhali mahaifiyata ta sha gaya mini cewa a daren ana tsuga ruwa har katangar zaure ta faɗi, ruwan sama a Janairu kuwa ba a san shi a ƙasarmu ba. Da na yi masa raɗa, sai ya ce, "Kai yaro, rufe mini baki, duk layin nan ranar aka haife su."

Ana cikin wannan hali labari ya kai gida, kakana ya sa aka kira ni a waya. Shi mutum ne da ya ga zamanin En'e da idonsa, lokacin da mai unguwa ke bi gida-gida yana ƙidayar mazaje baligai, dagaci ya tara ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Lokacin da magidanci ke naɗe rasit ɗin haraji ya cusa a cikin hula, domin ɗan doka na iya tare shi a bakin kasuwa, Fulani kuma na kora shanu daji da sun ji ƙishin-ƙishin masu jangali. Ya sha ba mu labarin shekarar da ya kwana a rumbu saboda gero bai yi ba, kuma har gobe yana sa wa Abubakar Rimi albarka don ya soke haraji da jangali a Kano a 1979.

"Takwara," in ji shi, "gaskiya ne abin da nake ji, wai kai ne kake bin masu haraji ofis-ofis, har kana biyan kuɗin mota?"

Na ce gaskiya ne.

"Su kuma suna cewa ka dawo gobe?"

Na ce haka ne.

Ya yi salati ya sanar da Ubangiji, na ji yana gaya wa mutanen zaure cewa boko ya gama da yaron nan.

Daga bisani dai lamba ta fito, akawu ya shigar da sunana, wata ya ƙare, waya ta yi ƙara. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga abin da na kashe a kan fotokofi da hatimi da jarida da ɗan acaɓa ya ninka harajin watan har ban so in ƙarasa jimla ba. Ban gama ta'ajibi ba sai ga saƙon gwaggona, cewa albashin fari ba a cinsa sai an kai wa manya sun sa albarka, ta kuma haɗo da jerin sunaye: kaka da goronsa, inna da turmin atamfa, kawu da ladan rantsuwa, malamin zaure da sadakarsa, har da wata tsohuwa da aka ce ita ta yanke mini cibiya a daren ruwan nan. Gwaggo ba ta nemi hoton fasfo ba, ba ta yi rangwamen ko sisi ba, ta kuma ba ni wa'adi zuwa Juma'a.