Jan Harshe a Ƙirjin Barcelona

Majalisarmu ba ta da aikin yi bayan sallar isha'i da ya wuce gyara harkokin mutanen da ba su ma san da zamanmu a duniya ba. Mun sha naɗa koci mu tuɓe shi a kan bencin mai shayi, mun sha sauke farashin fetur kafin ruwan butar ya tafasa. To ranar Asabar, 28 ga Oktoban 2023, sai shisshigin namu ya tsallaka teku ya faɗa kan wasu tsofaffin makaɗan Ingila.

Wasan Barcelona da Real Madrid ne ya jawo. Da yamma a gidan kallo, 'yan Barcelona suna fitowa fili sai aka ga wani jan leɓe ya zaro harshe a ƙirjin rigarsu. Wani ya ce sabon kamfanin caca ne, wani ya rantse man goge baki ne. Ƙwallo dai ba ta jira an gama gardama ba. Gundogan ya ci wa Barcelona tun da wuri, Bellingham ya rama wa Madrid, ya kuma ƙara ta biyu ana shirin tashi. Ɗan yayata mai shagon cajin waya, wanda ko a mafarki Barcelona yake goyon baya, ya iso majalisa yana huci, ya ce wannan harshen ne ya shafa musu rashin sa'a.

Baba mai gyaran rediyo ya ajiye kofinsa. Shi ne kaɗai a unguwar nan ke da garmaho mai aiki har yau, da tarin faifai a cikin akwatin ƙarfe da ko iyalinsa ba sa taɓawa.

"Kai yaro, rufa wa kanka asiri. Wannan harshen ya girmi ubanka. Rolling Stones ke nan."

Ya yi bayani kamar mai ba da labarin 'yan uwansa na jini. Ƙungiyar masu kiɗan rok ce da aka kafa a Landan a 1962. Jagoransu Mick Jagger, wanda kyamara ta nuno a filin wasan tare da abokin kiɗansa Ronnie Wood, ya cika shekara 80 a watan Yulin shekarar. Harshen kuwa wani ɗalibin zane ne ya zana musu a 1970. Malam, tsohon hedimasta, wanda rediyo ba ya rabuwa da kunnensa, ya cike sauran: kwana takwas kafin wasan suka fitar da sabon kundi mai suna Hackney Diamonds, kuma rabonsu da kundin sababbin waƙoƙi na ƙashin kansu tun 2005. Shekara 18 cur. Kamfanin Spotify ne ke da tallar da ke gaban rigar Barcelona, shi ya ɗauke tambarinsa na rana ɗaya ya ba su aron wurin, kamar yadda ya taɓa yi wa Drake da Rosalía.

Daga nan aka buɗe. Kowa a bencin nan ya zama mashawarcin mutanen da suka cika filayen wasa tun ba a haife shi ba.

Ɗan yayata ne ya fara. "Kawu, duk wahalar banza ce. Su yanko daƙiƙa goma sha biyar mai daɗi, su ba yara su yi rawa a TikTok, shi ke nan. Wa ke da lokacin jin waƙa goma sha biyu a jere?"

Na ce masa ba a nan gizo ke saƙar ba. TikTok ya taɓa tayar da tsofaffin makaɗa, amma da wace waƙa? A 2020 wani bawan Allah a Amurka ya ɗauki kansa yana sulu a titi a kan ɗan katakon nan mai taya, yana kurɓar lemo, waƙar Dreams ta Fleetwood Mac tana tashi. Waƙar 1977 ce, ta dawo tana gogayya da na yaran zamani. A 2022 ma wani shiri mai dogon zango na Netflix ya tono waƙar Kate Bush ta 1985, har ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Duk tsofaffin kaya ne. Yaro in ya tsinci tsohon mawaƙi, tsohuwar waƙarsa yake ɗauka, wadda aka rera lokacin mawaƙin yana sa'ansa. Abin da dattijo ya rera bana bai dame shi ba.

Alhaji mai shagon atamfa ya gyara zama, domin maganar ta shigo gonarsa. Shi a wurinsa komai ɗanɗano ne. Mai kilishi yakan gutsuro maka ka taɓa, in ya yi maka sai ka saya. "Su raba kyauta mana! Mutanen da suka tara abin da jikokinsu ba za su cinye ba, me za su yi da kuɗin faifai?"

Malam ya yi dariyar nan tasa ta mai riƙe da amsa a aljihu.

"Alhaji, an riga ka. U2 sun yi a 2014."

Ya ba da labarin yadda waccan ƙungiya ta ƙasar Ayilan ta haɗa kai da kamfanin Apple, aka zuba sabon kundinta a ma'ajiyar waƙoƙin masu amfani da iTunes kimanin miliyan 500, ba tare da an tambayi kowa ba. Mutum ya wayi gari ya tarar da baƙo a wayarsa. Maimakon godiya sai ƙorafi ya tashi, har sai da Apple ya fito da hanya ta musamman ta goge kundin, jagoran ƙungiyar Bono kuma ya nemi afuwa. Malam ya ce ko tuwon sadaka ne, in aka shigo maka da shi har uwar ɗaka ba sallama, sai ka tambayi dalili. Alhaji ya ce shi dai da shadda aka ajiye masa haka da bai yi ƙorafi ba. Mai shayi ya ce ai shi ya sa ba a ajiye masa ba.

Duk wannan Baba bai tanka ba. Sai da aka lafa ya ce shi a ganinsa dabarar da ta fi kowacce ba a rigar ƙwallo take ba, a wata 'yar jaridar unguwa take. Ya sa ɗan yayata ya nemo hoton a waya, muka yi ta miƙa wa juna.

A watan Agustan shekarar, jaridar Hackney Gazette, ta wata unguwa a gabashin Landan, ta buga wata 'yar talla irin wadda ido ke tsallakewa. Wai sabon kamfanin gyaran gilashi ne zai buɗe a watan Satumba, sunansa Hackney Diamonds, har da lambar waya. Sai dai an ce an kafa shi a 1962. Ɗigon da ke kan harafin "i" kuma, in ka ƙura ido, ɗan ƙaramin jan harshe ne. Cikin bayanin tallar an saƙa sunayen tsofaffin waƙoƙinsu kamar zance ne kawai ya biyo da su. Sunan ma kansa habaici ne na mutanen Landan: tarwatsattsen gilashin da ɓarayi ke bari a ƙasa in sun fasa mota, shi suke kira lu'ulu'un Hackney.

Babu wanda ya sanar da komai. Masoyansu ne suka gano, suka yi ta yayatawa da kansu, kowa na jin shi ne gwanin da ya warware kacici-kacicin. Kafin a ankara manyan kafafen labarai sun ɗauka. Sai ranar 6 ga Satumba su ukun, Jagger da Keith Richards da Wood, suka zauna a gidan wasa na Hackney Empire tare da Jimmy Fallon, aka watsa kai tsaye a YouTube.

Wannan ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Dattijo in ya ce zai yi tsalle irin na yara, gwiwa ce za ta ba shi amsa. Amma in ya yi zaurance da waɗanda suka san shi shekara hamsin, sai su ji an girmama su, su ɗauki tallar a kansu ba ko sisi. Alhaji ya jinjina kai, ya ce wannan ita ce dabarar mai shago da ke raɗa wa tsohon kwastoma cewa akwai wani yadi a ƙarƙashin kanta da ba a fito da shi ba tukuna. Kafin la'asar duk layin sun sani.

"To ai ku kaɗai suka kama da wannan," in ji ɗan yayata. "Mu fa?"

"Ku ai an ba ku rigar Barcelona," in ji mai shayi, "kun kuma ga yadda ta kaya."

Gaskiyar magana ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba. Bidiyon waƙar farko, Angry, 'yar fim ɗin nan Sydney Sweeney suka sa a ciki, wadda suka yi jika da ita, tana rawa a buɗaɗɗiyar jar mota a titin Los Angeles, su kuma suna leƙowa daga allunan talla da hotunansu na ƙuruciya. Malam ya kalli daƙiƙa goma ya mayar da wayar yana istigfari. A cikin kundin kuma gayya suka yi: Lady Gaga da Stevie Wonder a waƙa ɗaya, Elton John a kan fiyano, Paul McCartney na Beatles riƙe da jita a wata. Wanda ya tsara musu sautin, Andrew Watt, an haife shi ne bayan sun shekara kusan talatin suna kiɗa. Ga masu tara faifan garmaho irin su Baba, an buga musu kala-kala, har da na tambarin ƙungiyoyin wasan besbol 30 na Amurka, don mutum ɗaya ya sayi waƙa ɗaya sau uku yana murna. Kuma ta biya su, kundin ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, daga baya a 2025 ya ci kyautar Grammy.

Baba bai damu da gayyar ba. Shi abin da ya tsaya masa a rai makaɗin gangarsu ne, Charlie Watts, da ya rasu a Agustan 2021. Ya ce ƙungiyar da ta rasa mai ganga kamar gidan da ya rasa uwar gida ne, ana girki amma ɗanɗanon ya canja. Da Malam ya gaya masa waƙoƙi biyu a kundin da kiɗan marigayin aka fitar, wanda aka ɗauka tun yana raye, sai ya yi shiru, ya ce to waɗannan biyun zai ji.

Wata guda bai cika ba Malam ya zo da wani labarin da ya sa mai shayi ya kusa ɓarar da madara. An sanar da rangadin da za su yi a Amurka a 2024, kuma mai ɗaukar nauyin rangadin ita ce AARP, ƙungiyar da ke kula da muradun waɗanda suka ba hamsin baya da 'yan fansho. Mutanen da a shekarun 1960 iyaye ke hana 'ya'yansu mata zuwa kallonsu, sai ga shi ƙungiyar 'yan fansho ce ke tallata su. Alhaji ya ce ko kaɗan ba abin dariya ba ne, wannan shi ne sanin kasuwa. Wa ke da kuɗin tikiti, jikan ko kakan?

A nan ne fa na ga kamar muna ta zagaye-zagaye muna kauce wa kanmu. Mu masoya tsohon mawaƙi muna da wata ɗabi'a. Shekara da shekaru muna ƙorafin ya yi shiru, ya ƙi sakin sabon abu, ko basira ce ta ƙafe. Ranar da ya saki, sai mu saya don kara, mu ji sau ɗaya, mu ce ba laifi, mu ajiye. In ya hau dandamali ya ce ga wata sabuwa, lokacin ne muke tuna muna jin ƙishirwa, ko mu duba wanda ya kira mu a waya. Da ya taɓa kiɗan tsohuwar, sai ka ga mai ciwon baya ya miƙe tsaye. Su ma sun san halinmu, shi ya sa a rangadinsu 'yan ƙalilan suke tsakurowa daga sabon kundi, sauran daren duk na da ne. Ko a nan gida, wa ya taɓa zuwa gaban Shata ya tafi bai so a yi masa Bakandamiya ba? Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, mu kuwa bara muke biya a kunna mana, domin a cikinta muke da gashi baƙi da haƙora cikakku.

Na faɗi haka a majalisa, Baba ya ce ƙarya nake yi masa, shi kunnensa a buɗe yake, da tsohuwar zuma ake magani amma ai kudan bai daina saƙa ba. Malam, don tsokana, ya tuna masa cewa waƙar da magoya bayan Madrid ke rera wa Bellingham, Hey Jude, ta Beatles ce, tsofaffin kishiyoyin mutanen nasa, kuma ta 1968 ce. Wato an kashe kuɗi an tallata sabon kundi a rigar Barcelona, aka tashi wasa tsohuwar waƙar abokan hamayya ce a bakin jama'a. Ɗan yayata ya ce don Allah a bar tayar da maganar wasan nan.

Don a raba gardama, ya haɗa wayarsa da 'yar lasifikar mai shayi, ya kunna wa Baba sabon kundin daga farko. Baba ya lumshe ido, yana kaɗa ƙafa. Waƙar farko ta wuce, ya ce muryar tana nan, tsohon bai mutu ba. Ta biyu ta kai rabi, ya buɗe ido ɗaya.

"Ɗan nan, wannan abin naka yana da ta 1965 ɗin nan? Satisfaction?"

"Akwai, Baba. Amma saura goma a wannan."

"Ba gudu za su yi ba. Sa min waccan tukuna."