Rijiya ta Biyar

Labarin nan na nesa ne, can Kanada, ƙasar ƙanƙara da manyan gonaki, saboda haka kowa ya saki jiki ya karanta. Babu sunan kowa a ciki sai na mutanen ƙetare.

Walkerton ƙaramin gari ne a lardin Ontariyo, mutanensa ba su cika dubu biyar ba, gonaki da garkunan shanu sun kewaye shi. A shekarar 1978 hukumar ruwa da lantarki ta garin ta haƙa sabuwar burtsatse a bayan gari, aka sa mata suna Rijiya ta Biyar. Zurfinta mita 15 ne kacal, ruwanta kuma tun daga wajen mita biyar zuwa takwas yake shigowa, ta cikin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake toyawa a yi siminti. Ƙasar da ta lulluɓe dutsen ba ta da kauri. Masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa da aka ɗauko ya gwada rijiyar, tun a gwajin farko ya ga irin ƙwayoyin cutar da ake samu a cikin kashi. Ya rubuta rahoto ya ce a riƙa zuba kulorin, a riƙa sa ido, gari kuma ya duba yiwuwar mallakar filayen da ke kusa don a tsare su. Aka karɓi rahoto aka adana. Fili kam ba a saya ba.

Mai karatu zai ce ai ƙasa tana tace ruwa, shi ya sa na rijiya ya fi na kududdufi. Haka ne, sai dai ƙasa suna ta tara. Wani injiniya Bafaranshe, Henry Darcy, wanda ya kawo wa birnin Dijon ruwan famfo, ya cika bututu da yashi ya riƙa tura ruwa ta ciki yana aunawa. A 1856 ya wallafa abin da ya gano, har gobe da lissafinsa ake aiki. A cikin yashi ruwa yakan bi ta 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ya karkata nan ya lanƙwasa can, sau da yawa tafiyar yini guda ba ta wuce mita ɗaya. A wannan jan ƙafa ake samun tsabta. Wasu ƙwayoyin cutar su maƙale a jikin yashi, wasu kwanansu ya ƙare tun ba su hango rijiya ba.

Dutse mai tsaga nasa daban ne. Jikinsa da tauri, da ƙyar ruwa ke ratsa shi, saboda haka kusan duk tafiyar a cikin tsagar ake yin ta. Tsaga kuma tana da hali mai ban tsoro: in faɗinta ya ninka biyu, ruwan da take ɗauka ninki takwas yake yi, in ya ninka goma, ninki dubu. Guda ɗaya mai ɗan faɗi sai ta fi sirara ɗari aiki. Dutsen farar ƙasa ya ƙara da nasa aibin. Ruwan sama yana da ɗan tsami, yana lasar dutsen a hankali shekara da shekaru, har tsagar da a da gashi ba zai shiga ba ta buɗe ta ɗauki yatsa. Ruwan da ya sami irin wannan hanya ba ya tsayawa a tace shi. Yadda ya shiga haka yake fita, da duk abin da ya kwaso.

Masu haƙar burtsatse a Kano da Zariya sun san rabin wannan karatu ba tare da sun zauna a aji ba. Ƙarƙashin garuruwan nan tsohon dutse ne mai tauri, ruwa kuma a ruɓaɓɓen samansa yake da cikin tsage-tsagensa. Shi ya sa za a haƙa a gidan Alhaji ruwa ya yi ta ambaliya, a haƙa a gidan maƙwabcinsa, katanga ɗaya ce tsakani, a tashi da ƙura. Wanda ya dace da tsaga sai a yi masa barka. Ɗaya rabin karatun, wato daga ina tsagar ta taso, ta ƙarƙashin salgar wa ta biyo kafin ta iso, ba a cika tambaya ba. Ni ma ba zan tambaya ba, tunda labarin Kanada muke yi.

Ruwan Walkerton a hannun wa da ƙane yake. Stan Koebel shi ne manaja, ƙanensa Frank shi ne babban mai duba aiki. Tun suna samari suka shiga hukumar, a shekarun 1970, suka hau waɗannan kujeru a 1988. Takardun ƙwarewar da suke riƙe da su ba jarrabawa ce ta ba su ba, daɗewa a bakin aiki ce, domin gwamnati ta yi wa tsofaffin ma'aikata alfarma. Kada a ɗauka mugaye ne. Sun yarda da ruwansu ƙwarai, har sukan sha shi a bakin rijiya tun kulorin bai taɓa shi ba, ba su kuma san akwai ƙwayar cutar da in ta shiga ruwa take kisa ba. Mutanen gari suna ƙorafin warin kulorin, su kuma suna sassauta musu.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. Kullum a je rijiya a auna kulorin ɗin da ya rage a cikin ruwa, kada ya gaza miligiram 0.5 a lita, a rubuta a littafi. Hikimar ita ce, ƙazanta tana cinye kulorin. Ranar da aka auna aka ga babu saura, to wani abu ya shigo, sai a kashe rijiya. Fiye da shekara ashirin, a yawancin ranaku ma'aikatan nan ba sa aunawa. Sai dai a ɗauki biro a rubuta 0.5, gobe a rubuta 0.75 don kada ido ya gaji. Kwalaben gwaji ma akan cika su a famfon da ya fi kusa, a manna musu sunan wata unguwa. In ka buɗe littafin sai ya burge ka, babu gurbin da aka bari ba a cike ba. Mutanen Kanada ke nan, Allah Ya shirye su.

Akwai masu duba su, ba a ce babu ba. Jami'an ma'aikatar muhalli sun zo a 1991, sun zo a 1995, sun dawo a 1998. Zuwan ƙarshen nan an ga gyare-gyare da yawa an rubuta, manaja ya mayar da wasiƙa ya ce za a gyara, magana ta mutu a nan. Tun 1994 aka ce rijiyar da ruwan saman ƙasa ke iya shigarta a sa mata na'ura mai auna kulorin dare da rana, amma ba wanda ya waiwayi tsofaffin rijiyoyi irin ta Biyar. Zaɓaɓɓun kwamishinonin hukumar ruwan hankalinsu yana kan kasafi, abin da manaja ya faɗa shi ne. Gwamnatin lardi kuma tana tsuke bakin aljihu. A 1996 ta daina gwada wa garuruwa ruwa, aikin ya koma hannun ɗakunan gwaji na 'yan kasuwa, ba tare da an kafa dokar da za ta tilasta musu kai mummunan sakamako ga hukumomin lafiya ba. An kuma rage ma'aikatan muhalli da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A ƙarshen Afrilun 2000 wani manomi da ke maƙwabtaka da rijiyar ya zuba takin shanu a gonarsa. Bai saɓa ƙa'ida ba, bincike ma daga baya ya wanke shi. Daga 8 zuwa 12 ga Mayu aka tafka ruwan sama milimita 134, ranar ƙarshen kaɗai aka yi 70. Ruwa ya bi ta taki, ya ratsa 'yar ƙasar da ke sama, ya tarar da tsaga, injin rijiya kuma yana zuƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Washegari Frank ya yi zagayensa na kullum, bai auna ba, ya rubuta lambar da aka saba. Haka aka yi kwana uku.

Ranar 15 ga wata aka kashe ta Biyar aka kunna Rijiya ta Bakwai, wadda a lokacin an cire mata na'urar kulorin ana jiran sa sabuwa. Ranar 17 ɗakin gwaji ya sanar da Stan cewa akwai ƙwayar E. coli a ruwan, shi kaɗai aka gaya wa. Yara suka fara fashin makaranta saboda ciwo. Wata likitar yara a garin Owen Sound, Kristen Hallett, ta ga yara biyu daga Walkerton da ciwon ciki iri ɗaya, ranar 19 ta kira hukumar lafiya. Hukumar ta kira manaja har sau biyu a ranar, ya ce a ganinsa ruwa lafiya lau. Bai ambaci sakamakon gwaji ba, bai ambaci rijiyar da ta yi kwanaki ba kulorin ba. Ya koma ya yi ta zubar da ruwan bututu yana ɗura kulorin, ko Allah Zai sa abin ya wuce ba wanda ya ji.

Sai ranar 21 babban jami'in lafiya, Dokta Murray McQuigge, ya yi gaban kansa ya sa aka yi shela a rediyo kowa ya tafasa ruwa. Washegari aka yi rashin farko. Jirage masu saukar ungulu suka riƙa kwasar marasa lafiya zuwa manyan asibitoci. Fiye da mutum 2,300 suka kwanta da gudawa, wasu har da jini, 27 cutar ta taɓa musu ƙoda, akasarinsu yara, bakwai suka rasu, ciki har da yarinya 'yar shekara biyu. Ana cikin wannan hali Stan ya sa ƙanensa ya gyara takardar Rijiya ta Bakwai don kada a ga giɓin.

Bayan an binne matattu aka koma aka tambayi dutsen. Akwai idanun ruwa kusa da ta Biyar, aka lura da zarar an tada inji sai su ɗauke, wato rijiyar tana janyo ruwan saman ƙasa kai tsaye. Aka zuba alama a idanun, cikin kimanin awa ɗaya ta bayyana a rijiya. Wani masanin irin wannan dutse, Stephen Worthington, da abokan aikinsa suka zuba rini a ramuka kusa da ta Bakwai, suka ga yana cin ɗaruruwan mitoci a yini. Lissafin kwamfuta da aka fara yi ya ɗauki dutsen tamkar yashin Darcy ne, shi ya sa tafiyar da ya ba makonni rini ya yi ta cikin awoyi. Gwajin nan ba sabon ilimi ba ne, rini ne da kwalabe da mutumin da zai zauna ya jira.

Mai shari'a Dennis O'Connor ya jagoranci bincike, rahotonsa ya fito a 2002. Ya ce da akwai na'urar auna kulorin a ta Biyar da annobar ba ta auku ba, da an auna da hannu ranar 13 ga Mayu da ta ragu ƙwarai, da kuma manaja ya faɗi gaskiya ranar 19 da mutum 300 zuwa 400 sun tsira daga ciwon. Mutanen gari sun yi ta tafasa ruwa har Disambar 2000. Lardin ya kafa sababbin dokokin ruwan sha a 2002 da 2006, ta biyun tana kare filayen da ke ciyar da rijiyoyi. A Disambar 2004 kotu ta ɗaure Stan shekara guda, ta yi wa Frank ɗaurin talala na wata tara a gidansa. Firimiyan lardin na lokacin annobar, Mike Harris, ya bayyana a gaban kwamitin binciken, da rahoto ya fito kuma ya ba da haƙuri. Ban da wa da ƙanen nan, ba a gurfanar da kowa ba.