Kowace Waƙa da Kilomitarta

A 2010, da tawayen Abzinawa ya lafa, mai jita Bombino ya dawo daga Burkina Faso ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas, sai kowane saurayi a garin ya ga ai shi ma zai iya. Ƙungiyoyin jita suka yi ta tsirowa har suka fi masu aure yawa. Ɗaya daga cikinsu ta naɗa ni manaja. Ban iya kiɗa ba, ko tafi na yi sai an harare ni, amma wayata ba ta rasa kuɗin kira, kuma bakina na da kaifi wajen ciniki, su kuwa Abzinawa ne masu kunyar maganar kuɗi. Sauran aikin ɗaukar janareto ne.

Turawa na ce wa kiɗan nan rok na hamada. A gida kiɗan biki ne, aure da suna ke ciyar da mai jita. 'Yan ƙungiyar Etran de L'Aïr ma da suka fara a 1995, jita ɗaya gare su, gangarsu kuwa ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana dukanta da takalmi. Mu har da alfahari, don muna da jita biyu, da ganguna, da lasifika mai tari.

Gayyatarmu ta farko zuwa nesa daga wani ƙauye ta zo, gaba da Abalak, kan hanyar Tawa. Na yi ciniki a waya, Alhaji uban ango ya ce jika talatin, kuma za a karrama mu. Da na san abin da ake nufi da karramawa da na nemi a rubuta.

Motar haya muka samu, tsohuwar Fijo 404 a-kori-kura wadda ba ta tashi sai da turi. Direban dattijo ne, Kawu muke ce masa. Kafin mu tashi ya nuna mana jarka ɗaya ta fetur, ya ce, "Yara, wannan ita ce ta komowa gida, ita ce kuma ta janareto. Ku yi lissafi." Babu wanda ya yi lissafi sai shi.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi, na ja igiyar janareto har kafaɗata ta yi ƙara, ya kama. Babban mai jitarmu mutum ne da in ya rufe ido ya shiga kiɗa, sai Allah. Waƙar da ake gamawa cikin minti biyar shi sai ya kai ta ashirin. Kawu ya zo ya tsuguna kusa da janareto da tocila, yana leƙa tanki yana salati. Can ya daka mini tsawa, "Manaja! Je ka ce masa ya taƙaita, Agadas yake ƙonawa!" Na kutsa na raɗa wa mai jita. Ya gyaɗa kai, ya ɗauka yabo ne, ya ƙara wuta. Mata na guɗa, samari na tayar da ƙura, Kawu na bin bayana yana ƙirga garuruwan da muka ci. Da tsakar dare ya ce mun ƙone mararrabar Ingal.

Sai tsirkiya ta tsinke. Wani yaro ya ruga ya kwanto wayar birkin kekensa, ko na yayansa, aka ɗaura. Wannan ba abin kunya ba ne, Mdou Moctar ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ba a jima ba janareto ya yi atishawa ya mutu. Mai ganga bai tsaya ba, mata suka ɗauki tafi, aka yi ta rawa har asuba. Babu wanda ya tambayi ina jita, abin da mai jita bai yafe wa ƙauyen ba har yau.

Da safe Alhaji ya miƙo jika goma sha biyar, ya sa aka jawo bunsuru. "Ga karramawa," in ji shi. Na buɗe baki, ya ce, "Ɗana, ka san farashinsa a kasuwar Abalak kuwa?" Kafin mu kai kwalta bunsurun ya tauna wayar makirfo.

A wani shinge jandarma ya leƙa bayan mota, ya ga jitoci, ya ce mu saurari kiɗan gaske. Ya kunna wayarsa. Waƙarmu ce, wani ya ɗauka a bikin unguwa, ta bi bulutut daga waya zuwa waya har ta canja uba, sunan wata ƙungiya ke kanta. Har tarin lasifikarmu na ciki. "Ku dage," ya ce, "wata rana za ku kai nan." Muka yi godiya.

Fetur ya ƙare daidai inda Kawu ya faɗa. Muka sayar da bunsuru ga wani direban babbar mota da asara, muka sayi mai a kwalabe. Da aka cire hayar mota, rabon kowa bai kai kuɗin sabuwar tsirkiya ba.

Don haka, mai karatu, in za ka gayyaci 'yan jita bikinka, ka ware kuɗin man janareto daban, ka bayar tun kafin a fara. Bunsurunka kuma ka yanka wa baƙi.